Giovanni Parisi: gwarzo ne na gaske ko kambun WBO ne ya rufa masa asiri?

Sarkin_Zare:
Slm jama'ar gida. Jiya da daddare bacci ya ƙi zuwa, sai na shige YouTube ina ta kallon tsofaffin damben boksin, daga wannan sai wancan, har na faɗa kan wasan ƙarshe na ajin kilo 57 a gasar Olamfik ta Seoul 1988. Wani yaro ɗan Italiya wai shi Giovanni Parisi, shi da ɗan Romaniya Daniel Dumitrescu. Wlh ban gama gyara filo ba aka tashi daga damben, turmin farko ko minti biyu ba a cika ba ya sakar masa hagu ɗaya mutumin ya zube. Sai na bi tarihinsa. Ya shiga damben kuɗi 1989, ya ci kambun duniya na WBO (ɗaya daga cikin hukumomin da ke ba da kambun dambe) a ajin marasa nauyi 1992, ya hau aji na gaba ya sake cin wani 1996. Wasa 47 ya yi, ya ci 41, a ciki 29 duk kisa ne, an cinye shi sau 5, canjaras 1. Toh tambayata, me ya sa ba a taɓa jin sunansa in ana lissafin manya? Ni dai a ganina duk Italiya ba a yi ɗan damben marasa nauyi kamarsa ba. Wanda ke da ja ya fito.

DanFagge84:
Na fito. Ɗan uwa je ka nemo wasansa da Julio Cesar Chavez ɗan Meziko ka kalla tukuna sai ka dawo mu yi magana.

Kwab_Ɗaya:
Hhhh tun ba a je ko'ina ba an fara

DanFagge84:
Ai gaskiya ce. Ni a kaset na kalli wasan nan, lokacin gidan kallon unguwarmu in babu ƙwallo sai mai gidan ya saka mana dambe ko kokawar turawa, kuma kaset ɗin nan an saka shi ya fi sau goma don saboda Larry Holmes da Oliver McCall, dare ɗaya aka yi su a Las Vegas. Turmi goma sha biyu Parisi yana zagaye fili Chavez yana bin sa kamar mai bin bashi. Mu yara muna ta ihu ka tsaya mana! ka tsaya mana! Tun daga ranar na cire shi a lissafi.

Baba_Tsohon_Soja:
Yaro Sarkin_Zare, sannu da ƙoƙari, amma ka yi sauri da ka ce duk Italiya. Ka taɓa jin Duilio Loi? Mutumin Trieste ne, an haife shi 1929. Wasa 126 ya yi, sau 3 kacal aka cinye shi, kuma duk mutum ukun nan sai da ya rama a kansu. Ya riƙe kambun Turai na marasa nauyi tun 1954 shekara da shekaru, sannan 1960 ya doke Carlos Ortiz a filin San Siro na Milan, filin ƙwallo fa, cike da mutane, ya karɓi kambun duniya na aji na gaba. Shi Ortiz ɗin nan in kana lissafin manyan 'yan ajin marasa nauyi na duniya dole ka sa shi. Eddie Perkins ya ƙwace kambun 1962, kafin shekarar ta fita Loi ya karɓo abinsa, sannan ya ajiye safar hannu yana riƙe da kambu. Ku yaran yanzu duk abin da ba mai kala ba ne a bidiyo kamar bai faru ba ne a wajenku.

Sarkin_Zare:
Allah ya ja kwana Baba, wlh ban san shi ba, zan nema. Amma Baba shi Loi ɗin yana da zinaren Olamfik? Don ni abin da ya burge ni kenan, mutum ya haɗa biyun.

Baba_Tsohon_Soja:
Ba shi da shi. Amma zinare ba shi ke dambe ba.

Malam_Lissafi:
Bari in ɗan gyara wasu abubuwa kafin a yi nisa, don na ga ana cakuɗa azuzuwa. Zinaren da Parisi ya ci a Seoul ba na marasa nauyi ba ne, na ajin da ke ƙasa da shi ne, kilo 57. Ajin marasa nauyi a Olamfik lokacin kilo 60 ne, kuma ɗan Jamus ta Gabas ne Andreas Zülow ya cinye shi a shekarar. A damben kuɗi kuwa ajin marasa nauyi kilo 61 ne da ɗan ɗoriya, na gaba da shi kilo 63 da rabi, na gaba kuma kusan kilo 67. Parisi duk ya taka ukun nan.
Kambunsa na farko ranar 25 ga Satumba 1992 ya ci shi, a garinsu Voghera, ya tsayar da ɗan Meziko Francisco Javier Altamirano a turmi na 10, kambun ma babu mai shi a lokacin. Ya kare shi sau biyu a 1993 duk a birnin Rum, da Michael Ayers ɗan Ingila, sai Antonio Rivera. Shi kenan zamansa na sarki a wannan ajin, kariya biyu. Kambunsa na biyu a kilo 63 da rabi ne. Wasan Chavez da DanFagge ke magana 8 ga Afrilu 1995 ne, na kambun wata hukumar, WBC.
In kuma zinaren ajin marasa nauyin kansa ake nema, Italiya ta ci sau biyu tun da daɗewa, Carlo Orlandi a Amsterdam 1928 da Aureliano Bolognesi a Helsinki 1952. Orlandi ma kurma ne.

Maman_Hanifa:
Kurma kuma? Toh yaya yake sanin an kaɗa ƙararrawa?

Koci_Sabongari:
Hajiya alƙalin wasa ke shiga tsakani ya raba su da hannu. Ai ko masu ji ma in dambe ya yi zafi ga ihun mutane ba kowa ke jin ƙararrawar ba, shi ya sa za ki ga alƙali yana matsowa kusa in lokaci ya kusa cika.

DanFagge84:
Yauwa Malam_Lissafi ka taimake ni. Kambu babu mai shi, a garinsu, gaban 'yan uwansa da abokansa, da mutumin da in ba yau ba ban taɓa jin sunansa ba. Kuma wace WBO? WBO ta 1992 fa, ba ta yanzu ba. 1988 aka kafa ta a Puerto Rico bayan wasu sun ɓalle daga tsohuwar hukumar WBA, lokacin shekararta huɗu kacal, manyan 'yan dambe ko kallonta ba sa yi. Kamar a ce yau mu a zauren nan mu haɗa kuɗi mu je wajen baduku ya ɗinka mana ɗamara mu ce kambun duniya ne.

Sarkin_Zare:
Haba oga, abin bai kai nan ba. Ka san wa ya ɗauki kambun nan bayan Parisi ya ajiye shi? Oscar De La Hoya ne fa, ya doke Jorge Paez a watan Yuli 1994. In ɗamarar baduku ce me ya kai De La Hoya wajenta?

DanFagge84:
De La Hoya ne ya yi wa kambun daraja ba kambun ne ya yi masa ba. Kuma ka tambayi kanka, me ya sa mutuminka bai tsaya ya kare abinsa da De La Hoya ba? Zinaren 1988 da zinaren 1992 su gwabza, ai da mun ga dambe.

Kwab_Ɗaya:
Wannan kuma magana ce. Da an yi wannan da yanzu babu gardama

Bahaushen_Pavia:
Assalamu alaikum, sai yanzu na taso daga aiki na tarar kun cika min waya. Ni shekarata tara a yankin nan, Voghera ba ta da nisa da inda nake, a lardinmu take, akwai lokacin da na yi aikin tsinkar inabi a tsaunukan da ke bayan garin. Ku kuna gardama a kan alƙaluma, su mutanen nan ba haka suke kallonsa ba. Filin ƙwallon garin ma sunansa aka sa masa. Asalinsa ba ɗan nan ba ne, a Vibo Valentia aka haife shi can kudu a Calabria, Disamba 1967, iyalinsu suka yi ƙaura zuwa arewa yana ƙarami kamar yadda dubban 'yan kudu suka yi don neman abinci. Kuma wanda ya zauna a ƙasar nan ya san yadda wasu 'yan arewa ke kallon 'yan kudu, wani lokacin kamar yadda suke kallonmu ne mu baƙi, sai dai su takardarsu ɗaya. Toh yaro ya taso a haka ya je ya ɗauko zinare.
Akwai wani tsoho da muke shan kofi a shago ɗaya, ranar da na ambaci sunan Parisi sai da ya ajiye kofinsa. Abin da ya fara faɗa min ba Chavez ba ne ba kambu ba ne, maganar mahaifiyarsa ce, ta rasu watanni kaɗan kafin a tafi Seoul, ba ta ga zinaren ba, kuma ita ya sadaukar wa. Flash suke ce masa, wato walƙiya, saboda saurin hannu.

Maman_Hanifa:
Allah sarki. Wannan ya taɓa min zuciya. Shekara 20 ke nan fa yake da ita lokacin, ga rashin uwa ga wannan gasa. Ni ba na kallon dambe, maigidan ne ya sa ni a zauren nan don kullum sai na ce ya cika riƙe waya, amma yau kam na tsaya karantawa.

Koci_Sabongari:
Bari in yi magana a matsayin wanda ya sa safar hannu ya kuma sha naushi, don wasunku a waya kawai kuka san dambe. Abu na farko, ku dubi nauyin nan da Malam ya lissafa. Mutumin da ya yi Olamfik a kilo 57, bayan 'yan shekaru yana dambe a 61, sannan 63 da rabi, ya ƙare a kusan 67, wannan ko ba a faɗa maka ba ka san matse kansa ya yi ya shiga 57. Ni na san wannan azabar. Akwai gasar da aka kai mu wata jiha ina da ɗoriyar kilo biyu da rabi saura kwana uku awo, wanda ke kula da mu ya sa na saka ledar shara a jiki da rigar sanyi biyu ina tsallen igiya da tsakar rana, ruwa sai dai in kurkure baki in zubar. Na hau sikeli na wuce, amma da aka shiga fili ƙafafuna kamar na aro, yaron da na saba dukansa a atisaye shi ya fitar da ni. A Olamfik kuma ba sau ɗaya ake awo ba, duk ranar da za ka yi wasa sai ka hau sikeli, sati biyu kana cikin wannan hali. Wanda ya jure wannan har ya kai ƙarshe da ƙarfin da zai kashe mutum da naushi ɗaya, kar wani ya ce min ba ɗan dambe ba ne.
Abu na biyu, damben Olamfik da damben kuɗi sana'a biyu ce. Can turmi uku ne, a lokacin ga hular kariya a ka, ka taɓa ka kauce ka tara maki. Nan turmi goma sha biyu, safa ƙarama, ana dukan ciki da haƙarƙari tun daga farko don a sace maka numfashi zuwa turmi na takwas. Chavez kuma duk duniya babu wanda ya kai shi iya wannan sata, hagunsa ta hanta ita ce sana'arsa. Wanda ya tsaya gabansa ƙirji da ƙirji ya gama yawo. Toh kai DanFagge da kuke ihu ka tsaya mana, da ya tsaya ɗin da tuni an ɗauke shi.

DanFagge84:
Koci na ji, na kuma girmama ka. Amma in ka san ba za ka iya tsayawa ba me ya kai ka? Frankie Randall ai ya tsaya, ya kai Chavez ƙasa ya cinye shi a Janairun 1994, shekara guda da 'yan watanni kafin wasan Parisi. Kenan lokacin Chavez ɗin ma ya fara sauka, shekararsa 32, shi kuwa Parisi 27 yana ganiyarsa.

Koci_Sabongari:
Kuɗi ya kai shi mana, da suna. Wa za a kira Las Vegas a ce ga Chavez ga kambun WBC ya ce a'a? Kuma zaki ko ya fara tsufa ba sa'an kare ba ne. Gaba da gabanta ne kawai.

Ɗan_Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ni dai abin da nig gani, mutane na auna mutun da dare guda. Ku duba abin da yay yi da Antonio Rivera. A 1990 Rivera ya kashe shi turmi na ukku, yaro mai zinariya an shimhiɗe shi gaban mutanen ƙasassu, wani da shi ke nan ya lalace. Amma shekara ukku bayan nan shi da kambu a hannu ya ba Rivera dama, suka yi sha biyu cur ya canye shi da maki. Wanga ba matsoraci ba ne. Matsoraci kauce ma wanda ya taɓa kashe shi yake yi har abada.
Kuma ku da ke rena lambar Olamfik, mu nan Nijar tagulla guda Issaka Dabore ya kawo muna daga Munich 1972, a dambe, kuma shekara arba'in da huɗu muna jiran wata kahin Alfaga ɗan wasan taekwondo ya kawo azurhwa 2016. Ku tambaye mu darajar abin.

Malam_Lissafi:
Ɗan_Maraɗi ya yi gaskiya, kuma Rivera ba kanwar lasa ba ne, ya taɓa riƙe kambun duniya na hukumar IBF na ajin kilo 57 kafin haɗuwarsu ta farko. Mu ma a Najeriya har yau ba mu taɓa cin zinaren dambe a Olamfik ba. A ajin nan na Parisi ma Peter Konyegwachie ya kai wasan ƙarshe a Los Angeles 1984, Meldrick Taylor ya cinye shi, ya dawo da azurfa. Wato gasar da aka yi kafin ta Parisi kenan.

Kwab_Ɗaya:
Ni fa duk wannan lissafin maki ne ba na ganewa. A damben gargajiya ka kai mutum ƙasa ka kashe shi, ba ka kai shi ba an raba babu kisa, kowa ya gani da idonsa. Amma wai wasu mutum uku ko biyar su zauna da biro su ce wane ne ya ci. A Seoul ɗin nan da kuke yabo ba a nan aka yi wa Roy Jones ɗan Amurka fashi da rana tsaka ba? Ya daki ɗan Koriya kamar jaki aka ɗaga hannun ɗan Koriya

Sarkin_Zare:
Toh ai ka kawo min hujja da kanka. A gasar da alƙalai suka yi wannan abin kunya, shi Parisi bai bar musu wasan ƙarshe a hannu ba, kisa ya yi irin naku na gargajiya, kwab ɗaya. Babu wanda zai ce an ba shi ne.

Kwab_Ɗaya:
Hhhh toh na yarda, wannan kam sunana ya ara

DanFagge84:
Amma a faɗi duka. Wasan kusa da na ƙarshe da ɗan Maroko Abdelhak Achik shi ma a turmin farko aka tsayar, kuma rauni Achik ya ji a hannu. Sa'a ma ta taimaka. Kuma Kuba ba ta je Seoul ba, kowa ya san in babu 'yan Kuba a damben Olamfik kamar a yi biki ne babu uwar amarya.

Malam_Lissafi:
Maganar Kuba gaskiya ce, ba su je 1984 ba ba su je 1988 ba. Sai dai Tarayyar Sobiyet da Jamus ta Gabas da Bulgeriya da Romaniya da Amurka duk sun je, ba gasar banza ba ce. A nan Lennox Lewis ya doke Riddick Bowe, a nan Robert Wangila na Kenya ya ci zinare. Kuma abin da ya faru da Roy Jones shi ya jawo aka koma lissafin maki da kwamfuta a 1992.

Admin_Zaure:
Jama'a ana ta turo hotunan 'yan siyasa a tsakiyar muhawara, na goge. Wanda ya sake zan cire shi. A ci gaba.

Baba_Tsohon_Soja:
Ni ban ce yaron bai iya ba. Na kalli wasansa da Sammy Fuentes, na Milan 1996, wanda ya karɓi kambu na biyu, hannunsa na da sauri ƙwarai kuma yana da ido. Shekara guda fa bayan kashin da ya sha a Las Vegas. Amma ku dubi waɗanda ya kare kambun da su, in ka cire Carlos Gonzalez sauran su wa? Kuma shi Gonzalez ɗin, karon farko Parisi ya sha ƙasa tun a farkon wasa da ƙyar aka tashi canjaras, karo na biyu a Pesaro 1998 ya ƙwace kambun a turmi na 9. Duk lokacin da ya haɗu da ɗan Meziko mai taurin kai da ke matsowa ba ya ja da baya, sai ka ga abin ya cakuɗe masa. A zamaninmu kambun duniya ɗaya ne ko biyu a kowane aji, kafin ka taɓa shi sai ka bi ta kan kowa. Nino Benvenuti ya ci zinare a Rum 1960, ya je har New York ya karɓi kambu a hannun Emile Griffith 1967. Wannan shi ne haɗa biyun da kake magana, yaro. Kuma shi ma Dick Tiger namu ya lallasa shi a 1969 yana ɗan shekara kusan arba'in, a rediyo muka ji.

Sarkin_Zare:
Baba ai Benvenuti ba ajin marasa nauyi ba ne, ni a kan su na yi magana

Baba_Tsohon_Soja:
Toh Sandro Lopopolo fa? Azurfa a ajin marasa nauyi a Rum 1960, kambun duniya 1966. Ba su ƙare ba yaro, ka dai ci gaba da bincike.

Ɗan_Zango_Kumasi:
Ku yi haƙuri in shigo. Duk wannan Italiya Italiya, da a ce Parisi ya haɗu da Azumah Nelson namu na Ghana a tsakiya da an gama magana. Shi ke nan abin da zan ce.

DanFagge84:
Kai kuma ko maganar shinkafa ake sai ka kawo Azumah hhh. Shi ma da ya hau ajin marasa nauyi 1990 ai Pernell Whitaker ya koya masa karatu

Ɗan_Zango_Kumasi:
Whitaker daban ne, wannan ko inuwarsa ba a samu

Bahaushen_Pavia:
Wani abu da ba ku sani ba game da ƙasar nan, yawancin 'yan dambensu masu kyau yanzu ba sa ma shiga damben kuɗi da wuri. 'Yan sanda da sojoji suna da ƙungiyoyin wasanni, a ɗauke ka aiki ana biyanka albashi duk wata kai dai ka yi atisaye ka wakilci ƙasa. Roberto Cammarelle ɗan sanda ne, shi ya kawo musu zinaren dambe a Beijing 2008, shekara ashirin cif bayan na Parisi babu wanda ya ci a tsakani, kuma har ya daina bai taɓa damben kuɗi ba. Shi ne wanda Anthony Joshua ya cinye da ƙyar a wasan ƙarshe a Landan 2012, har yau in ka tayar da maganar nan a shagon kofi sai an yi faɗa, su a wajensu ƙwace aka yi. Domenico Valentino ma da ya ci gasar duniya ta kilo 60 a Milan 2009 ɗan sanda ne, sai can daga baya ya shiga na kuɗi. Shi Parisi bai zauna cin albashi ba, ya fita ya nemi na kansa, har Amurka wajen Don King, babban mai shirya wasannin dambe.

Koci_Sabongari:
Ka ga tsari. Mu nan yaro ya ci gasar ƙasa a ba shi takardar yabo da kuɗin mota, shekara biyu ka gan shi yana acaɓa. Akwai yarona da na fi sa wa rai, hagu gare shi kamar guduma, yanzu lodin siminti yake yi, in na gan shi sai in kau da kai.

Maman_Hanifa:
Toh wai shi Parisin yana nan da rai? Na ga kowa na cewa ya yi ya yi

Bahaushen_Pavia:
Ya mutu Hajiya. Hatsarin mota, 25 ga Maris 2009, a kan titin da ya kewaye Voghera, motarsa ta yi taho mu gama da wata motar ɗaukar kaya. Shekararsa 41. Na sha bin hanyar.

Maman_Hanifa:
Ikon Allah. Duk naushin da ya sha bai kashe shi ba sai mota a ƙofar gida.

Malam_Lissafi:
Kuma bai daɗe da barin dambe ba lokacin. Bayan Gonzalez ya hau kilo 67 ya nemi kambu na uku a hannun Daniel Santos ɗan Puerto Rico a shekarar 2000 a Reggio Calabria, aka kashe shi a turmi na 4. Wasansa na ƙarshe 2006 ne a Milan, neman kambun Turai da Bafaranshe Frederic Klose, ya faɗi da maki yana ɗan shekara 38. In kun lura faɗuwarsa biyar ɗin nan, huɗu duk a wasan neman kambu ko kare kambu ne, ɗayar kuma Rivera ne wanda ya rama.

DanFagge84:
Wannan lissafin kuma ni ya goyi baya ai. Duk sanda aka ɗaga matakin sai ya faɗi.

Sarkin_Zare:
Ko kuma a ce bai taɓa faɗuwa a hannun ƙaramin ɗan dambe ba. Ya danganta da inda ka tsaya kake kallo. Naji maganar Baba a kan Loi, na ma sami wasansa da Ortiz ina saukewa yanzu, in na kalla wataƙila in janye kalmar duk Italiya. Amma ɗamarar baduku kam ban yarda ba oga, wannan ka zalunce shi.

DanFagge84:
Toh na rage, ɗamarar kanti ce hhh. Kai dai kalli na Chavez ɗin, har yanzu ba ka ce min ka kalla ba

Sarkin_Zare:
Data ta kusa ƙarewa, sai dare in an shiga garaɓasa

Ɗan_Maraɗi:
Wanda duk ya samu na Rivera na biyu ya turo muna nan, na bi ko'ina ban gane shi ba, guntaye kawai nike samu.

Koci_Sabongari:
Sarkin_Zare in za ka kalla kar ka bi hannu, ƙafafun Chavez za ka kalla, yadda yake yanke masa hanya yana tura shi kusurwa ba tare da ya yi gudu ba. Shi nake nuna wa yarana duk Asabar.

Baba_Tsohon_Soja:
An kira magariba a nan. Yaro in ka gama da Ortiz ka nemi na Perkins, su uku ne, na farkon canjaras aka yi.